Man Shanun da Ya Tuɓe wa Fannami Riga

Duk wanda ya sayi dabino a kasuwar Gure ya san Fannami, dogon nan da zai auna maka mudu ya ce "marsi" kamar ka ba shi raƙumi. Maƙwabcina ne, dangarmu ɗaya. Ni tela ne, ni na rage masa rigar da zan ba ku labarinta.

Tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Nasara da tari, da Faransancin bariki wanda rabinsa zagi ne. Da aka aiko wani ɗan Dahome ya zama mushe, wato malamin lakwal, makarantar Nasara, sai abu ya cije: mushe ba ya jin Barbarci, ba ya jin Hausa, yara kuma ba abin da suka iya sai kukan gida. Aka ɗauki Fannami ya tsaya tsakani. Mushe ya faɗa, shi ya juya. Yaro ya tambaya, shi ya kai. Aka ba shi riga kaki. Ba gona gare shi ba, ba garke. Tsayuwar nan a gefen allo ita ce duk girmansa. Har liman "Ba Fannami" yake ce masa, wato Baba Fannami.

Wajen 1935 aka kawo garmaho daga Damagaram a bayan raƙumi, da baƙaƙen fayafai waɗanda wani Bafaranshe ya karanta darasi a ciki.

Ba zan ci haƙƙin akwatin ba. Yaran da iyaye ke ɓoyewa a rumbu don gudun lakwal, da ƙafarsu suka riƙa zuwa. Mutumin cikin akwati ba ya gajiya, ba ya duka, a sa shi ya maimaita har la'asar ba zai yi tsaki ba. Kafin kaka harshen yara ya lanƙwasu. Sai mushe ya ce daga yau ba Barbarci ba Hausa a aji, kunne zai koya da kansa. Aikin Fannami ya koma murɗa hannun garmaho.

Na ce, "Ba Fannami, barka da ƙarin girma. An ce ka zama jakin rijiya."

Ya ce, "Kai mai allura, fara ɗinke bakinka."

Yara fa sun iya rerawa. Amma tambaye su me suka ce, sai su dube ka kamar akuya a bakin masallaci. Akwati ba ya jin tambaya. In Fannami ya sunkuya yana murɗawa, yakan raɗa musu ma'ana, har mushe ya kama shi ya ce in ya sake, a bakin rigarsa.

Abin mamaki, Fannami ya so akwatin. Ya taɓa ce mini, "Ashe ba duk Faransanci ne zagi ba."

Da bazara rairayi ya shiga fayafan, muryar ta dushe. Mushe zai tafi Damagaram, ya damƙa masa su, ya ce in suka ƙara lalacewa hannunsa ne. Fannami ya kawo su gida ya zauna yana zuba musu ido.

Matarsa Yakura ta ce, "Malam, bushewa ce. Guga ma in ya bushe haka yake kuka."

To, a Gure duk abin da ya bushe maganinsa ɗaya, ko guga ne, ko sirdi, ko ƙafar tsohuwa: man shanu, sannan rana don ya shige. Ta ɗauko mai kyau, na makiyayan Alakos, wanda ko baƙo ba ta zuba wa. Ya shafe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya jera a tabarma cikin rana. Kafin azahar sun nannaɗe kamar busasshiyar ganda.

Da mushe ya dawo ya ɗora ɗaya, Bafaranshen ya yi gurnani irin na raƙumin da ake ɗaura wa kaya. Yara suka kwashe da dariya. Mushe bai saurari zancen guga ba, ya ce kishi ne, da gangan aka yi. A gaban yaran aka sa ya tuɓe rigar, ya fito da ƴar shara.

Gari ma haka ya ɗauka, sai dai gari yaba masa ya yi. Dattawa suna tare shi a hanya: "Madalla, Ba Fannami, ka yi maganin shaiɗanin akwatin nan." Ya rantse har ya gaji cewa gyara ya yi nufi. Ba wanda ya yarda, sai ƙifta masa ido suke.

Ba a aiko wasu fayafan ba, ba a kuma mai da shi ba. Mushe na magana da bango, rumbuna sun sake cika da yara. Fannami ya gangara kwari yana hawan dabinon wasu, da tarinsa da shekarunsa. In zai je kasuwa, yakan zagaya ta bayan mahauta don kada ya bi gaban lakwal.

Rannan na leƙa ta danga na ce, "Ba Fannami, keken ɗinkina na kuka, ko da sauran man shanu?"

Na tsaya ina jiran zagina. Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya shige ɗaki. Tun daga ranar bai ƙara rama mini ba.