Kaftani Ruwan Toka

Mijina ya je taron bita na ma'aikata, ya dawo da jaka mai tambari da kuma sabuwar aƙida. A lokacin muna haya a Badarawa, a wani layi da ko labulen taga ka sauya sai an tattauna shi a gidan suna. Ko takalmi bai cire ba ya fara yi mini bayani. Wai mai lacca ya gaya musu ƙwaƙwalwar mutum kamar batirin waya take, kowace shawara ka yanke sai ta ci caji. Shi ya sa manyan masu nasara ba sa ɓata safiyarsu wajen zaɓen tufafi, iri ɗaya suke sawa kullum, su adana cajin don manyan al'amura.

Na tambaye shi waɗanne manyan al'amura ne ke jiransa, tunda a sanina aikinsa bai wuce ɗauko fayil daga wannan tebur ya ajiye a wancan ba. Ya ce irin wannan tunanin ne ya hana ƙasar nan ci gaba.

Mako bai zagayo ba ya sayo shadda ruwan toka mai haske, bandir guda, ya kai wa telansa a Abakpa. Aka ɗinko kaftani iri ɗaya, aikin wuya iri ɗaya, har suka cika durowa. Tsofaffin kayansa kuwa ya ɗaure su ya aika wa 'yan'uwa a ƙauye, don kada zuciya ta raya masa komawa.

Caji kam ya adanu, sai dai a kaina aka sauke abin da ya rage. Abin da za a ci, ranar da za a je duba mara lafiya, wanda za a kira ya gyara famfo, makarantar da za a mai da 'yan biyunmu, duk amsarsa ɗaya ce: "Ke dai zaɓi, wannan ƙaramar magana ce." Ni ma fa malamar makaranta ce, da tawa ƙwaƙwalwar nake fita aiki, amma ba wanda ya tambayi nawa cajin.

Wannan duk da sauƙi. Matsalar ita ce mutanen layinmu ba su halarci taron bita ba. Su dai abin da suka gani, mutum ya fita Litinin da ruwan toka, ya je masallacin Juma'a da ruwan toka, ɗaurin aure da shi, jana'iza da shi. A wurinmu kuma idan namiji ya fita a wulaƙance ba shi ake zagi ba, matarsa ake zagi. Ni da nake tsayuwa a kan guga da sitati har bayana ya ƙage, sai ga shi ina shiga taron mata ana sassauta murya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don sunana na mace mai kula da gida shi ne abin da nake taƙama da shi a unguwar nan.

Wata yamma maƙwabciyata, wata Hajiya Bakatsiniya da mijinta ke tuƙa babbar mota, ta shigo da leda a ƙarƙashin hijabi. Ta zauna, muka gaisa, ta tura mini ledar a hankali. Yadi ne na maza da sandar sabulu.

"Maman 'yan biyu, ba don raini ba," in ji ta. "Kowa na shiga irin haka. A ɗinka mashi, ya samu na sauyi. Ba mai ji daga bakina."

Na rantse mata cewa durowarsa cike take. Ta gyaɗa kai cikin tausayi, irin na wadda ta ga mace tana rufa wa mijinta asiri.

Da maigidana ya dawo na zayyane masa komai. Ya ce, "Surutun mutane ƙaramar magana ce, ba na kashe mata caji." Ya ja kwanon tuwo.

To, na ce bari in nuna wa layin da idonsu. Ranar Asabar na kwaso kaftanonin nan duka, wankakku da gogaggu, na tsoma su a ruwa, na ɗaura igiya a ƙofar gida daga turken wuta zuwa bishiyar darbejiya, na jera su. Na sa kujera a soro ina kallon masu wucewa suna rage tafiya. Ranar na ji sanyi a raina.

Washegari Hajiya ta dawo, wannan karon da ƙullin kayan mijinta masu ƙarnin man juye.

"Ashe wankau kika fara, har da na masu gadin kamfani," ta ce. "Sana'a ba abin kunya ba ce. Gara mu ba na gida."

Na raka ta bakin ƙofa. Na jira maigidan ya fita, na kwashe kaftanonin, na bar masa ɗaya tak, na hau keke-napep zuwa wurin masu rini a Kurmin Mashi. Na ce su mai da wannan shuɗi, wannan kore, wannan makuba, wancan ruwan ƙasa, kada biyu su yi kama.

Safiyar da na jera su a durowa, ya buɗe ya tsaya da singileti, yana kallonsu kamar an ba shi jarrabawar da bai yi karatunta ba. Can ya juyo.

"Wanne zan sa?"

"Baban 'yan biyu, wannan ƙaramar magana ce," na ce, na ɗauki jakata na tafi makaranta. Daga baya na ji sai da ya makara.

Da yamma ina dawowa na hango shi yana shigowa layi cikin shuɗi, mutane na gaishe shi da fara'a. Na rage tafiya don in ji daɗin abin sosai. Hajiya na tsaye a ƙofarta, ta kama hannuna ta matse, idonta har da ƙwalla.

"Allah ya yi maki albarka," ta ce. "Kin ga amfanin wankau. Ga shi har kin tufatar da mijinki."