Hayar Da Ta Mayar Da Mijina Baƙo A Gidansa

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ni sabuwar ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, ban daɗe da aure ba, ga ƙaramin ciki. Muna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan yayan mijina can ƙarshen Darmanawa. Kullum sai na yi sammakon neman abin hawa, in an tashi aiki kuma na dawo ƙafafu a kumbure. Ba abin da nake so irin mu samu ɗan sashe namu a Gyadi-Gyadi, inda zan riƙa takawa zuwa wurin aiki.

Mijina direban adaidaita ne, mutum mai sanyin hali. Kafin aurenmu ya taɓa karɓar adaidaita a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai ya yi hatsari ya karye, ya daɗe a kwance. Mai ita ya ƙwace abarsa, kuɗin hayar ɗakinsa a Tarauni ya taru, har mai gidan ya watso masa kaya waje a gaban jama'a. Bai ɓoye mini komai ba tun yana nemana. Abin da ba mu sani ba shi ne dillalan gidaje na yankin duk sun san juna, kuma sunansa ya gama zagawa a cikinsu.

Muka yi ta yawo. Mu ga gida, mu yaba, a ce mu dawo gobe, washegari dillali ya kira ya ce an riga mu. Babu lungun da ba mu shiga ba, ga ciki yana ta girma, ga matar yayansa ta fara tambayar yaushe za mu tashi. Rannan wani dattijon dillali ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, muddin da wannan bawan Allah zan riƙa zuwa babu mai ba mu gida. Ya ce in zo da katin aikina da wani namiji mai albashi wanda zai tsaya mini.

Na roƙi ɗan wan mahaifina da nake kira Yaya, ma'aikacin gwamnati ne, ya raka ni. Mai gidan wata Hajiya ce dattijuwa da mijinta ya rasu, tana zaune a Unguwar Gano, gidan hayar kuma yana Gyadi-Gyadi. Ta karɓe mu hannu biyu, ta amince ta ba mu gidan. Da muka tashi tafiya sai ta dube ni, ta dubi Yaya, ta ce Allah ya bar mu tare, ya sauke ni lafiya. Yaya ya juyo yana kallona, dillali ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce amin. Da na koma na gaya wa mijina, sai ya ce, "To ni kuma wane ne a gidan?" Na ce ai Hajiya ba nan take zaune ba, ba za ta taɓa ganinsa ba.

Muka tare a gidan, ashe a asibitinmu take ganin likitan hawan jini. Duk ranar da ta zo sai ta biyo gidan ta huta a wurina, in gwada mata jini, mu yi hira, har 'yata take ce mini. Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ko almakashi ne ya faɗi sai gabana ya yanke. In na ji sallamar mace a ƙofar gida sai na leƙa ta taga kafin in amsa. Ina wurin aiki tunanina yana gida, ko ta zo, ko ta same shi. Shi kuma ya daina zama a gida bayan azahar, ya daina sallah a masallacin layinmu don kada ya haɗu da dillalai, takalmansa ma ciki yake shigar da su. Abinci ya daina yi mini daɗi, na fara yi masa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata Asabar ta shigo ba zato, ta same shi da singileti yana tarar ruwa a famfo. Ta tambaye ni wane ne wannan. A gabansa, yana riƙe da bokiti, na ce ɗan'uwan maigidan ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye bokitin, ya sa riga ya fita. Har yau in na tuna yadda ya bi ta gabana bai dube ni ba sai in ji kunya ta rufe ni.

Hajiya ba ta yarda ba. Ta tambayi matar da ke ɗaya sashen, ita kuma ta faɗi abin da ta sani, cewa wannan ɗin shi ke kwana a gidan, wancan mai manyan kayan da Hajiya ta ɗauka mijina ne ba su taɓa ganinsa ba. Hajiya ta dawo fuska a murtuke, ko zama ba ta yi ba. Ta ce ta ɗauke ni 'ya, ashe namiji nake ajiyewa a bayan idon mijina, da ciki a jikina, kuma a gidan marayunta. Maƙwabta suna ji. 

Mijina ne ya je Unguwar Gano da kansa, tare da yayansa da wan mahaifina wanda ya ba shi aurena. Ya zauna a ƙasa ya faɗi komai, tun daga hatsarin har zuwa kayan da aka watso masa. Hajiya ta saurara har ya gama, sannan ta sa aka kira ni. Ta ce, "Karaya da rashi ba abin kunya ba ne, da kun gaya mini da na duba. Amma ke, wanda ya ba ki amanar kansa kika ce ba ki san matsayinsa ba, ni me zan ba ki in kwanta?" Ta bar mu muka ƙarasa shekararmu, har ta zo suna da turmin atamfa, amma ba ta sabunta mana ba.

Yanzu muna Darmanawa a ciki da falo, nesa da wurin aiki. Mijina ya bi waɗanda suke binsa ɗaya bayan ɗaya ya sasanta da su, kuma shi ya tsaya ya karɓi wannan gidan da sunansa. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda, sai dai ya daɗe kafin ya koma yin dariya da ni kamar da.

Na rubuto ne saboda ma'aurata masu neman haya alhali sunan ɗayansu ya ɓaci. Ku faɗi gaskiya tun a ƙofar farko, ku nemi dattijon da ya san ku ya tsaya muku, ko da za a yi ta mayar da ku. 'Yan'uwana mata kuma, kada ƙuncin wuri ya sa ki ɓoye mijinki. Ni na samu gidan da nake so kusa da asibiti, amma ban yi yini ɗaya a cikinsa da kwanciyar rai ba.