Tafiyar da na yi don karɓe rediyon Malam Bitrus

Da ana janye tafiya, da na janye wadda na yi zuwa wani ƙauye bayan Gada, zamanin soja da kuɗin mai. Ni ne mai kula da rediyon oba-oba na ofishinmu a Sakkwato. Layi ɗaya asibitocin ƙauyuka suke rabawa, in biyu suka yi magana tare sai ƙara kawai. Don haka na yanka wa kowa lokacinsa, ko yana da saƙo ko babu. Malam Bitrus, ma'aikacin asibitin ƙauyen, ya fara shiga lokacin wasu. Na tashi in karɓe rediyonsa.

Sakkwato zuwa Gwadabawa

Bayan sallar asuba Mamman direba ya ɗauke ni a Ƙofar Marke. Sabuwar kwalta sai sheƙi. A shingen soja wani kofur ya ce, "Ina zuwa?"

"Ɓarawon iska za mu kamowa, Saje," in ji Mamman.

Kofur ya yi dariya, ya ɗaga sandar shingen. A Gwadabawa muka sha fura.

Bayan Gada

Rairayi ne zalla, har da turin mota. Da la'asar muka isa. Na tsallake majinyata kwance a gindin itacen bedi, wuya ya sandare. Sanƙarau ne.

Bitrus ya ce, "Malam Umaru, sai in yi wata ba ni da abin faɗi, yanzu kuma saƙo ya taru mini. Saurarawa nake, in mai lokacin ya yi shiru in shiga. In mun yi karo da wani, kowa ya dakata kaɗan ya sake."

Na ce, "Kowa shi shiga sadda yag ga dama? Kasuwa ta?"

"To, bari in nemi allura daga ofis ta rediyon tukuna."

"Ni ka kai saƙonka da bakina," na ce, na cire wayoyin.

Komawa

Kafin Gada mota ta mutu. Muka kwana zauren wani dattijo, washegari ma jiran makaniki, rediyon na bayan mota ba eriya. Sai rana ta uku na shiga gida Ƙofar Marke, na gode Allah da hanya, na kai saƙon ofis. Kafin allura ta isa, an binne da yawa cikin waɗanda na tsallake.

Bitrus bai ƙara gaishe ni ba har ya koma garinsu. Wanda duk aka ba riƙon layin jama'a, don Allah kada ya yi irin nawa. In layi ya yi shiru, a bar mai gaggawa ya shiga.