Sauran Maganin da Na Zubar a Rafi

Ni mutum ne mai gaggawa, kowa a gidanmu ya shaida. Shekarar da na fara noman rani a bakin rafin ƙauyenmu, can wajen Kafin Dafga, da safe ina ofis a Karaye, da yamma in hau babur in nufi gonar tumatir. Kullum a guje nake kamar an biyo ni.

Ƙasa da gonata kaɗan akwai gurbi, wuri mai zurfi inda ruwa ke kwanciya idan rafi ya ja baya. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ke kula da shi. Da zarar damina ta ɗauke sai ya kafa sanda ya ɗaura mata jan ƙyalle, daga nan ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, ranar da gari duka zai faɗa ruwa da koma da gora. Wata huɗu yakan yi yana zagaya gurbin nan safe da yamma. Ni kuwa tsokanarsa nake, ina ce masa mai gadin tarwaɗa.

Saura 'yan kwanaki a yi su, tsutsa ta faɗa wa tumatirina. Don haushi na haɗa magani fiye da yadda mai shago ya ce. Na gama feshi rana ta yi sanyi, ga sauran magani a cikin injin feshi, ga hanya a gabana. Kawu ya sha gaya mini in haƙa rami nesa da ruwa in zuba. Na waiga hagu da dama, na tuttule shi a bakin rafi, na ɗauraye injin sau biyu. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, ya gangara. Na ce ai zai wuce da shi. Na manta cewa da rani ruwan nan ba inda yake zuwa sai gurbi.

Washegari na tarar da mutane cirko-cirko a bakin gurbi. Karfasa ta juya ciki sama ta rufe ruwa, tarwaɗa na fitowa baki tana haki, har kwaɗi ba su tsira ba. Kawu ya hana kowa ɗauka, ya sa aka binne su a rami. Ni ma na shiga cikin masu jajantawa, har da girgiza kai.

Akwai wani baƙo daga Rogo mai noman albasa, wanda suka taɓa sa-in-sa da Kawu kan zura tiyon injin ban ruwa a gurbi. Nan da nan aka ce shi ne ya zuba guba don ramuwa. Dagaci ya sa ranar Alhamis a kira shi, kuma magana ta bazu cewa za a karɓe filin da yake nomawa, alhali albasarsa ba ta isa cira ba.

Kwana uku ban iya zama wuri ɗaya ba. A ofis in buɗe fayil in rufe, in fita in dawo. Abinci ba ya shiga. Abin da ya fi ci mini rai, bawan Allahn nan mai albasa kullum sai ya gaishe ni, har ya tambayi jikin tumatir. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushinsa don kirkinsa ya hana ni sakat.

Ranar Laraba da la'asar na sami Kawu a ƙofar gida yana ɗinkin koma. Na durƙusa, na ja gaisuwa har ta ƙare.

"Kawu, ba mai albasa ba ne. Ni ne."

Bai ɗago ba. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye murfin kwalbar maganina a kan tabarma.

"Tun ranar na tsince shi a bakin rafi ta gefen gonarka," in ji shi. "Jira nake in ga ko ɗan ƙanwata zai bari a kori mutum a kan laifinsa. Tashi mu je wurin dagaci, da bakinka za ka faɗa."

Hanyar ta bi ta gefen gurbi. Ruwan shiru, ko motsi babu. Kawu ya tsaya ya tuge sandar, ya kwance jan ƙyallen, ya ninke ya sa a aljihu, don bana babu su. Daga ranar ban ƙara ce masa mai gadin tarwaɗa ba.