Gwangwanin da Merv Ya Kushe

A ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri ta bayan garin Maldon, ba mai son Merv Trewhella, kuma ba mai iya kauce masa. Tsohon mai gyaran famfo ne, gajere, bakinsa kamar reza. Tun yana saurayi ya ƙwallafa ransa a kan 'yan hulunan tagullan nan da ake kifa wa bindiga, kunama ta sare su wuta ta kama albarushi. Ka miƙa masa gwangwaninsu, ya dubi launin takardar, ya shafa bakin murfin, ya girgiza a kunne, sai ya faɗa maka zamanin da aka yi su. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma da wannan yake taka kowa. Ba abin da ke masa daɗi irin mutum ya zo da fara'a ya koma a sanyaye.

Dokarsa ɗaya ce: tsohon gwangwanin da ke liƙe da takardarsa ba a buɗe shi. Wanda duk ya yanke takardar, Merv ya daina gaishe shi.

Gwangwani ɗaya ne ya hana shi sakat, na kakan kakansu da ya zo haƙar zinariya daga Cornwall, a liƙe yadda ya sauko daga jirgin ruwa. Uwarsu ta bar wa ƙanwarsa Glenys shi, tun daga ranar jana'izar kuwa ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Wata Lahadi ana shan shayi a rumfar ƙungiya, sai ga Glenys. Ta dire gwangwanin a gabansa.

"Gidan tarihi na so in ba su, sun ce sai an san shekarunsa. Wai duk lardin nan kai kaɗai ne gwani. Abin tausayi."

Merv ya ɗauke shi da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai. Koriyar takarda, murfi mai kaifin baki, ainihin na zamanin haƙar zinariya. Amma idan ya faɗi gaskiya gwangwanin ya tafi gidan tarihi ke nan, sai dai ya leƙa shi ta bayan gilashi. Sai ya taɓe baki.

"Wannan? Tarkacen bayan yaƙin duniya ne. Tsohuwa ta yi miki wayo, kin shekara talatin kina gadin shara." Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Bar shi nan, na zubar miki."

"Ka tabbata, Merv?"

"Ke, na taɓa yin kuskure?"

Ta ƙura masa ido. Ita ma fa 'yar gidan ce, ta san wannan irin riƙon.

"To ai shara ba ta kai a ɗora wa babban gwani ba."

Al'adar maharban ce kafin ɗuri su fasa hula ɗaya a bindiga ba albarushi, don ta ƙone man da ke cikin hanyar wuta. Glenys ta juya wajensu. "Jama'a, ga na banza, ku share bindigoginku." Ta sa farce a kan takardar, ta dakata, tana kallon wanta.

Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da ita. Amma mutanen da ya shekara arba'in yana kushe wa kaya duk suna nan, kofuna a hannu, suna jira. Merv ya ga gara ya mutu da ya ce ya yi ƙarya a gabansu. Ya kau da kai.

Takardar ta yage. Aka yi ta ɗiba ana dariya. Hulunan da suka girmi kowa a wurin suka dinga tashi, tas, tas, da ƙyar ake samun wadda ta ƙi. Yana zaune yana jin kowacce a ƙirjinsa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Da suka ƙare, Glenys ta jefa masa gwangwanin a cinya.

"Ga gadonka. Zubar min."