Kwat ɗin Kawu

Jiya a kasuwar Gidan Amumune na ga kwat ɗin marigayi kawuna a jikin wani ɗan kabu-kabu. Da facin gwiwar hannu na gane ta, sai na sunkuyar da kai.

Tare muka sayo ta a tulin bosho, tufafin da wasu suka sa suka tuɓe. Ya ɗaga ta a rana, ya ja ɗinkin, ya shinshina. Warin dilar tufafin nan har yau yana hancina. Na ce, "Kawu, kayan matattun Turawa za ka sa zuwa Idi?"

Ya ce, "Kai dai wanke ta, sarkin tsari. Tufa ba ta tuna mai ita na farko. Hatsi kuwa ya zauna rumbu."

Da ya rasu aka miƙo mini ita, na ce a ba mabuƙata. Bana na sayar da gero na ɗinka shaddar Salla. Ga shi damina ba ta yi nisa ba rumbuna ya ƙare. Shaddar tana cikin akwati, yarana suna kwana da farau-farau.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya rufa maka asiri yadda ka rufa na gidanka.