Shirun Oba-oba a Hanyar Doguwa

Jiya hadari ya haɗo, rediyon maƙwabta ya kama shuuu. Sai na tuno yayana, Allah ya jiƙansa.

Direban ma'aikatan gandun daji ne, akwai oba-oba, rediyon kira da amsawa, a motarsa. Yakan ce shirun abin nan iri biyu ne, na dutse da na yawan baki. In dutse ya tare, ka matsa gaba ka sake kira. In baki ne suka yi yawa, ka jira. In ka gwada ba a ji ba, ka ninka jiran.

Wata damina muka ɗauko 'yata daga Doguwa za mu asibitin Tudun Wada, naƙuda ta tsananta. Sama ta yi baƙi ƙirin. Ya tsaya, ya kira a faɗa masa halin gadar da ke gabanmu. Shuuu kawai.

"Yaya, sake kira mana! Yarinyar nan za ta mutu!"

Ya ce, "Nan fili ne, ba dutse. Kowa ke ihu lokaci guda. Mai danna abin nan yana magana kuwa ba ya jin kowa."

Ya ɗora oba-oban a cinya yana jira. Wata motar ma'aikatarsu ta wuce mu, direbanta yana ta ihu cikin nasa. Na zagi yayana a zuci.

Can sai wata siririyar murya ta ɓullo daga oba-oban: "Kada kowa ya bi gada, ruwa ya ci ta."

Muka zaga ta tudu, aka haifi jikata lafiya. Waccan motar kuwa, sai bayan kwana uku aka ga rufinta a cikin kogi.

Allah ya sa shirun kabarinka na rahama ne, Yaya.